Jigon Gyaran Aure a Finafinan Kirista: Nazarin Fireproof da War Room

Manufar wannan muƙala ita ce nazarin jigon gyaran aure a finafinai biyu na 'yan'uwan nan Alex da Stephen Kendrick na Amurka, wato Fireproof na 2008 da War Room na 2015, tare da auna su da zaman auren Kiristocin Gombe, waɗanda da yawansu da Hausa suke sujada.

Cocin Sherwood Baptist da ke jihar Jojiya ne ya ɗauki nauyin Fireproof, da kimanin dala dubu 500. Tauraronsa Caleb, ma'aikacin kashe gobara, aurensa da Catherine ya kai gargara, sai mahaifinsa ya ba shi littafin da zai bi na kwana 40 yana kyautata mata. Ƙarfin fim ɗin shi ne bai bar tuba a fatar baki ba. Caleb ya farfasa kwamfutar da yake kallon batsa da ita, ya kuma kwashe kuɗin da ya daɗe yana tarawa don sayen jirgin ruwa ya saya wa surukarsa kayan jinya, bai ko faɗa wa matarsa ba. Mai kallo a Gombe, inda kula da surukai ma'auni ne na mutuncin miji, ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan.

War Room kuwa ya juya nauyin kan mace. Tony ne mai cin amana, amma Elizabeth ce aka tura ɗakin addu'a bisa shawarar tsohuwa Clara. Wannan bai yi nisa da "ki yi haƙuri" ɗin da ake sallamar matan Arewa da shi ba, Musulminsu da Kiristansu. Fim ɗin bai tsaya ya tambayi makomar matar da ta yi addu'a mijin bai sauya ba.

Akwai kuma giɓin dangi. A finafinan biyu rikicin aure al'amari ne na mutum biyu da mai ba su shawara. A tsakanin Tangale da Waja mazauna Gombe kuwa, kafin magana ta kai ga rabuwa sai ta ratsa ta hannun iyaye da kawunnai da dattawan ikilisiya, kuma 'yan Zumuntar Mata na ECWA sukan riga fasto jin labarin.