Girman Kai a Hanya: Nazari a Kan Labarin "Hura Wuta"

A wannan fitowa za mu duba wani gajeren labari da ya shahara a duniya. Sunansa da Hausa shi ne "Hura Wuta". Wani Ba'amurke ne ya rubuta shi, ana ce da shi Jak Landan. An haife shi a 1876, ya rasu a 1916. A 1897 ya bi masu neman zinariya zuwa Yukon, can arewacin ƙasar Kanada. Ƙasa ce ta sanyi, inda kogi ke daskarewa har a yi tafiya bisansa. Mu nan Dakoro rana da ƙishirwa ke kashe matafiyi. Su can sanyi ke yin wannan aiki.

Ga yadda labarin yake. Wani baƙo ya tashi da safe zai tafi zangon abokansa. Ba kowa tare da shi sai kare. Sanyin ranar ya kai kusan digiri 60 ƙasa da sifiri. In ya tofa yawu, kafin ya kai ƙasa ya daskare. Wani tsoho ɗan gari ya riga ya gargaɗe shi cewa ba a tafiya mutum ɗaya cikin irin wannan sanyi. Baƙo bai ɗauka ba. A hanya ƙanƙara ta fashe da shi, ya jiƙe har rabin ƙwauri. Ya hura wuta don ya shanya ƙafafunsa, amma a gindin itace ya hura ta. Ƙanƙarar da ke bisa rassa ta zubo, ta kashe wutar. Ya sake gwadawa, yatsu sun riga sun sandare. Ya ƙyasta ashana 70 gaba ɗaya, ya ƙone hannu, wuta ba ta tsaya ba. Har ya yi niyyar yanka karen don ya ɗuma hannu cikin cikinsa, wuƙa ta gagare shi riƙewa. Ya yi gudu, ya faɗi, barci ya ɗauke shi, ya cika. Kare ya jira, ya ji warin mutuwa, ya kama hanyar zango.

To, me ya kashe wannan mutum? Wani zai ce tsautsayi ne. Gaskiya faɗawa ruwa tsautsayi ne, kowa yana iya faɗawa. Amma tafiya shi kaɗai, shi ya zaɓa. Da yana da abokin tafiya, da abokin ya hura masa wuta ta biyu. Tsautsayin ya same shi da rana tsaka, amma kuskuren tun da safe ya yi shi.

Ku lura da irin girman kansa. Ba mai cika baki ba ne, ba kuma rago ba ne. Yana da lura, yana duba hanya, ya san aikin wuta. Yana da agogo, ya san lissafin sanyi. Sai dai lissafin bai ba shi tsoro ba. A ganinsa lamba ce kawai. Lokacin da wutarsa ta fara ci, har ya yi wa tsohon nan dariya a zuci, yana ganin tsofaffi sun cika tsoro. Nan take ƙanƙara ta zubo. Mai labarin da gangan ya jera abin nan biyu kusa da juna. Karen kuwa bai san lamba ba, amma jikinsa ya gaya masa ranar ba ta tafiya ba ce.

Akwai wani abu kuma. Sau biyu Jak Landan ya rubuta wannan labari. A na 1902 mutumin yana da suna, babu kare, kuma ya tsira. A na 1908 ya cire sunan, ya kawo kare, ya bar mutumin ya mutu. Na biyun ne duniya ta riƙe. A ganina dalilin a fili yake. Mutum marar suna yana iya zama kowa, ni ko kai. Kuma a bakin mutuwa ya yarda tsoho ya yi gaskiya, lokacin da yardar ba ta da sauran amfani.

Amma kada mu zarce. Ba duk wanda ya mutu a hanya ne mai girman kai ba. A 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, galibinsu mata da yara. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Talauci ya fitar da su. Labarin nan bai yi maganar irinsu ba. Maganarsa a kan wanda yake da zaɓi ne, aka ba shi shawara, ya raina.

Mu da muka shiga karatun manya, wannan labari namu ne. Yanzu muna karanta sikeli a kasuwa, muna karanta takardar magani. Wannan alheri ne babba. Amma makiyayin da ya tsufa a kwarin Tarka ya san rijiyar da ke ƙafewa da bazara, ko da bai san baƙi ko ɗaya ba. Ayarin gishiri ma ba ya keta Tenere zuwa Bilma sai da madugu. Karatu ya zo ne ya ƙaru a kan sanin iyaye, bai zo ya kore shi ba. Mai alƙalami ma sai ya zauna gaban tsoho, ya tambaya, ya rubuta don ƴan baya. Matambayi ba ya ɓata.

In kun taru a aji, ku tattauna wannan: wace shawara ce tsofaffin garinku ke ba matafiyi, wadda har yanzu ba wanda ya rubuta ta?