Mai Kaskon Turare da Yaron da ke Gefensa

Wasu 'yan Katolika masu kishin tsarin ibada, musamman a Amurka da Turai, na kiran a sallami yara daga bagade, a miƙa wa manya hidimar Misa. Wai aikin na manya ne tun asali, yara aro aka yi. Suka ƙara da cewa yaro ga hamma, ga waige-waige, ga sosa ƙeya ana tsaka da addu'a.

Tarihi ya ba su rabin gaskiya. A shekarar 251 Fafaroma Korneliyus ya lissafa ma'aikatan cocin Roma, ciki har da masu hidimar bagade 42, kuma muƙami ne da ake naɗa mutum a kai. Da tafiya ta yi nisa muƙamin ya zama matakalar da mai neman zama Fada kan taka ya wuce, majami'un karkara suka rasa naɗaɗɗu, yaran gari suka cike gurbin. Majalisar Tirento ta nemi a farfaɗo da tsohon tsari a 1563, abin bai zauna ba. Fafaroma Bulus na Shida ya buɗe muƙamin ga mazan da ba limamai ba a 1972. A 1994 Roma ta bar wa kowane bishop ikon shigar da mata da 'yan mata, a 2021 kuma Fafaroma Faransis ya yarda a naɗa mata. Abin da masu sukar ke tsallakewa shi ne takardar Roma ta 2004, Redemptionis Sacramentum, wadda ta yaba al'adar sa yara, ta tuna cewa ɗimbin limamai daga cikinsu suka fito.

Ni dai ba a takarda nake neman hukunci ba. A dubi mai kaskon turare da ɗan ƙaramin da ke tafiya a hagunsa, riƙe da mazubi da cokali.

Aikin kasko ya fi kowane aikin bagade wuya. Sau huɗu ake buƙatarsa a babbar Misa: wajen shigowa, wajen karanta Bishara, wajen shirya gurasa da ruwan inabi, da lokacin da Fada ya ɗaga su bayan tsarkakewa. Tsakanin waɗannan gawayi na iya mutuwa, don haka mai kasko kan zame ya sake garwashi, ya dawo ba a lura ba. In ya makara, Fada ya zuba turare a kan toka. In ya yi gaggawa, wutar ta cinye kafin a kai gaɓar. Dole ya san sarƙar da ke ɗaga murfi, ya ɗago kaskon daidai hannun Fada don cokali uku su shiga ba zuba. In babu dikin, shi zai turara Fada, ya juyo ya rusuna wa jama'a, ya kaɗa musu sau uku. Wannan aikin mai hankali ne, wanda ya san ƙuna, kuma ba na musu a kan haka.

To ɗan mazubin fa? Aikinsa kaɗan ne: ya buɗe, ya miƙa, ya rufe. Amma kafaɗarsa na jikin mai kasko tun daga farko har ƙarshe. Tare suke durƙusawa, tare suke juyawa. A nan yake gane cewa Halleluya kira ce gare shi ya matso, cewa ana rusunawa kafin turarawa da bayanta, cewa ba a gudu a gaban bagade ko da an makara. Babu wanda ya zaunar da shi ya karanta masa. Haka ɗan zuga ke koyon ƙira a maƙera, yana hura wuta idonsa na kan guduma. Bayan 'yan shekaru shi ke riƙe sarƙa, wani ƙaramin na hagunsa.

Saboda haka tambayar “manya ko yara” tun farko a karkace take. A kori yara, an sami Misa mai tsabta yau, gobe babu magaji. A bar yara zalla, an sami garwashi a kan darduma. Batun hamma kuwa bai kai a tsaya kansa ba, dattawa ma na gyangyaɗi lokacin wa'azi. Hujjar da ke da nauyi ita ce kare yara daga cin zarafi, bayan abin kunyar da ya girgiza coci a ƙasashe da dama. Maganinta shi ne kada a bar yaro shi kaɗai da babba ɗaya a ɗakin shiri, iyaye su riƙa shiga da fita, a kuma tantance duk mai horarwa.

Ko a majami'un Kaduna, Jos da Kafanchan, inda ake yin Misa da Hausa kuma yara ba sa yankewa, abin da ya kamata Fada ya nema shi ne babban da zai daɗe a bagade. Matashi kan bar hidimar da zarar ya gama sakandare, ya tafi da duk abin da ya iya. Kowace majami'a ta riƙe mutum biyu ko uku, magidanta ko matan aure inda bishop ya yarda, ta damƙa musu kasko, da sharaɗin kowannensu ya horar da yaron da zai karɓe shi.