Amshin da Kowa Ya San Zuwansa

A motar haya daga Funtuwa zuwa Maska direba ya saka waƙar Mamman Shata. Kafin 'yan amshi su buɗe baki, wani dattijo a kujerar gaba ya riga su, direba ma ya kama. Saurayin da ke gefena ya yi tsaki, wai abu ɗaya ake ta nanatawa.

Bai yi ƙarya ba. Kalangu na tafiya a kan kari guda, amshi kuma yana dawowa a inda ka sa ran zai dawo. A sana'ata ta rubuta manhajar kwamfuta, layin da aka maimaita sau biyu aibi ne, gogewa ake yi. Na daɗe ina auna waƙa da wannan ma'auni, kuma na yi kuskure.

Amshi ne ke ba mai sauraro wurin tsayawa. Tunda ka san abin da 'yan amshi za su ce, kunnenka ya huta da gadinsu, sai ya koma kacokan kan Shata: wa zai ambata yanzu, wa zai sha zambo, wane gari zai nufa. A Bakandamiya, gindin waƙar bai motsa ba, amma abin da yake ɗorawa a kai yakan bambanta daga wannan wasa zuwa wancan. Ga kuma ribar da ta fi: wanda bai iya waƙa ba ya samu rabonsa. Dattijon nan na cikin waƙar dumu-dumu, alhali mai ita ya rasu tun 1999. Manoman yankin nan sun san haka tun a gayya, inda gangar noma ke haɗa fartanyoyi su sauka tare. Makaɗin da ya ce zai riƙa sauya kari don burgewa, ɓata aiki zai yi.

Inda nake tare da saurayin shi ne kan wasu waƙoƙin fina-finai na yanzu, waɗanda ake haɗa kiɗansu da fiyano a situdiyo. Matsalarsu ba maimaici ba ce. Kiɗan sananne, kalmomin ma sanannu, har kana iya cankar baiti na gaba tun ba a rera shi ba. An kafa gindi, an manta da abin ɗorawa. Su ma suna da masoya, ban musa ba, rawar biki ba ta neman fiye da haka. Amma ban ga wadda zan so a sake saka mini a mota bayan shekara 25 ba.