Jinjina ga masu yi wa tsohuwar tuffa aski

A garin Southwell na Ingila, a bayan wani gida, akwai bishiyar tuffa da wata yarinya, Mary Ann Brailsford, ta shuka irinta wajen 1809. Daga jikinta aka samo tuffar Bramley da Ingilawa ke dafawa. Guguwa ta taɓa kayar da ita, ta sake kafa saiwa ta miƙe.

Masu kula da irin waɗannan tsofaffin itatuwa sun cancanci yabo. Sai hunturu ya kankama, ganye ya zube, suke fitowa da zarto da almakashi. Gwani kan kewaya bishiyar tukuna, ya ƙare mata kallo. Sannan ya cire busasshen reshe da mai ciwo, da waɗanda suka gitta suna gugar juna har ɓawo ya saluɓe, ya buɗe tsakiya don rana da iska su ratsa. Ba ya yi mata ƙwal-kwabo, domin in an sare da yawa, sai ta yi ta fid da dogayen tsiro marasa 'ya'ya. Wadda aka daɗe da sakaci da ita kuwa, shekara biyu ko uku yake bin ta a hankali.

Wannan haƙurin ne ya fi burge ni. Allah ya ƙara wa hannunsu albarka.