Jinjina ga masu kula da na'urorin tiyatar ƙaramar ɓula

Tun da likita Erich Mühe ya cire matsarmama ta ƙaramar ɓula a Jamus a 1985, tiyata ta sauya kama. Likita ba ya tsaga ciki. Yana duban allo ne, kyamara na nuna masa hanji da jijiyoyi. Kwamfuta ce ke auna iskar da ake hura wa cikin, ta riƙe matsinta yadda aka saita, ta yi ƙara idan ya wuce kima. Amma na'ura ba ta kula da kanta. Akwai injiniyoyin asibiti da ma'aikatan jinya da ke gwada ta kafin a shigo da majiyyaci, su wanke kowane siririn ƙarfe, su tabbatar janareta na jira. A gari irin Yola, inda zafin bazara kan haura digiri 40 ga ƙurar hunturu ga ɗauke wuta, wannan hidima ba ƙarama ba ce, kuma da wuya dangin majiyyaci su san da masu yin ta.

Wasu za su ce kayan na da tsada, ga zazzaɓin cizon sauro bai ƙare ba. Gaskiya ne. Sai dai manomin da ya taso daga Mubi ko Ganye neman magani a Jimeta, kowane kwana a gadon asibiti asara ce gare shi da mai jinyarsa. Ƙaramin rauni ya fi saurin warkewa, bai cika ruɓa ba. Don haka hukumomin lafiya na Adamawa su horar da waɗannan ma'aikata, su kuma biya su yadda ba za su tafi wani wuri ba.