Ido Kafin Fensir

Ya ku 'yan makaranta, na duba littattafan zanenku, na ga aibi guda. Galibinku kun kwaikwayi gidan Ingila mai bututun hayaƙi daga littafi, alhali ba ku taɓa ganinsa ba. Wanda ya fi kyau shi ne zanen jaki da mangala. Ƙafa ɗaya ta karkace, amma kowa ya duba ya san kayan da nauyi.

Haka Kenneth Murray, wanda ya zo Nijeriya a 1927, ya hori almajiransa, su zana abin da ke gabansu. A 1937 aka nuna aikinsu a Landan, har da na Ben Enwonwu.

To, kullum ku zana abu guda, ko masaƙi ko mai tallan fura. Yau da gobe ke sa allura ta haƙa rijiya.