Gatsar da Ta Fi Ƙarfin Baki: Tsokaci a Kan Wani Karin Maganar Ingilishi

Mun sha cin karo da wata jimla a gajerun labaran da ɗalibai ke rubutawa, inda za a ce wane "ya gatsi abin da ba zai iya taunawa ba". Duk wanda ya ratsa aji ya san inda aka yiwo aron, wato karin maganar Ingilishi da ke cewa "bite off more than you can chew". Ana jefa shi ne ga mutumin da ya ɗora wa kansa aiki ko alkawarin da ya fi ƙarfinsa.

Karin maganar haifaffen Amurka ne, ya kuma bayyana a rubuce cikin shekarun 1870. Yawancin manazarta sun danganta shi da tabar taunawa. A wancan zamani akan danne ganyen taba, a haɗa shi da abin zaƙi, har ya zama curi mai tauri da ake sakawa a aljihu. Idan aka haɗu da aboki sai a miƙa masa ya gatsa, kamar dai yadda muke yi da goro. Mai haɗama kan cika kumatu, yawu na dalala, tauna ta gagara, furzarwa kuma abin kunya. Ashe tun fil azal da kwaɗayi ake yi wa dariya. Daga baya ne ma'anar ta karkata ga mai ganin zai iya.

Wannan hoto duka yakan zube idan aka kwaso kalmomin ɗaya bayan ɗaya zuwa Hausa. Bahaushe zai fahimta, amma ba zai yi murmushi ba.

Wasu kan gudu zuwa ga "taura biyu ba ta taunuwa", ganin akwai tauna a ciki. A ganinmu sun yi gaggawa. Taura tana magana ne a kan haɗa abu biyu a lokaci guda, alhali na Bature abu ɗaya ne da ya yi girma. Wanda ya fi kusa shi ne "kowa ya haɗiyi taɓarya zai kwana tsaye", ko da yake shi ma ya fi zafi, domin mai taba yana iya tofarwa ya huta, mai taɓarya kuwa sai ya ga wayewar gari a tsaye. Saboda haka marubucin da tauraronsa ya karɓi kwangilar da har yanzu yake iya janyewa daga gare ta, kada ya yi saurin haɗiyar masa da taɓarya.